Idan kafar labarai ta intanet ta yi kuskure: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake gyara

Babu ɗakin labaran da ba ya kuskure. Ana rubutu cikin gaggawa, ana fassara cikin gaggawa, majiya tana faɗin abin da ba ta tabbatar ba. Abin da ke bambanta kafa da kafa shi ne abin da take yi bayan ta gano kuskuren. Ga tambayoyin da masu karatu da sababbin 'yan jarida suka fi yi a kan haka.

Tunda a intanet ana iya canza rubutu a kowane lokaci, me zai hana a gyara kawai a yi shiru?

Saboda wanda ya karanta labarin da safe ya riga ya tafi da kuskuren, ya faɗa a majalisa, ya tura wa 'yan uwa a WhatsApp. Idan ya dawo da yamma ya tarar an canza adadi ba tare da bayani ba, ko dai ba zai lura ba, ya ci gaba da yaɗa na farko, ko kuma ya lura ya fara tambayar kansa me kuma aka canza a ɓoye. Shi kuwa wanda aka yi wa ƙazafi a labarin ba shi da abin da zai nuna wa mutane ya ce ga shi sun amsa cewa sun yi kuskure.

A zamanin jaridar takarda dole ce ta sa ake fitowa fili, don abin da aka buga ya bugu, sai dai a saka gyara a fitowar gobe. Intanet ya kawar da wannan dole, ya bar editoci da amanarsu kaɗai. Ko a wancan zamanin ma gyara bai cika yawa ba: wani bincike da Scott Maier na Jami'ar Oregon ya fitar a 2007 kan jaridu goma na Amurka ya gano cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na kurakuran da majiyoyi suka nuna ne aka buga gyaransu.

To kowane ɗan canji sai an sanar da shi?

A'a. Harafin da ya faɗi, waƙafi, maimaita kalma, duk ana gyara su ba tare da sanarwa ba, muddin ma'ana ba ta canza ba. Sharaɗin ke nan: ma'ana. Harafi ɗaya a sunan mutum ko sifili ɗaya a adadi ba ƙaramin kuskure ba ne. Haka ma lanƙwasa a Hausa, domin kara daban, ƙara daban. Idan faɗuwarta ta juya maganar, sai an sanar.

Sama da wannan akwai matakai. Gyara shi ne idan an faɗi abin da ba haka yake ba: suna, muƙami, rana, wuri, adadi, ko jingina wa mutum maganar da bai yi ba. Ƙarin haske kuwa ana yin sa ne idan kowace jimla gaskiya ce amma yadda aka jera su yana kai mai karatu ga fahimtar da ba daidai ba, misali a ce an kama mutum, a manta a ce an sake shi a ranar. Sabuntawa ita ce ƙara abin da ya faru bayan wallafawa, kamar martanin wanda ba a samu ba da farko. Bayanin edita ana ajiye shi ne don matsala babba, irin satar rubutu ko majiyar da ta yi ƙarya. Na ƙarshe shi ne janye labari, idan ginshiƙinsa ne ya rushe.

Wayon da ya fi yawa shi ne a rubuta "an sabunta" alhali kuskure aka gyara. Idan adadin farko bai taɓa zama daidai ba, sunan abin gyara ne, kuma a kira shi da sunansa.

Daga lokacin da aka nuna kuskure zuwa fitowar gyara, me ake yi a ɗakin labarai?

Da farko a ajiye kwafin labarin yadda yake, da hoton shafin, kafin kowa ya taɓa shi. Manhajojin wallafa irin su WordPress suna adana tarihin canje-canje, amma wasu shafukan suna taƙaita shi ko su kashe shi, don haka kada a dogara da shi kaɗai. Sai a sanar da editan da ke bakin aiki. Wakilin da ya rubuta labarin bai kamata ya gyara shi da kansa ba tare da sanin edita ba, domin mutum ba ya zama alƙali a shari'arsa.

Daga nan a koma tushe: muryar da aka naɗa, takardar sanarwa, kwafin hukuncin kotu, littafin wakili. Ba a gyara labari don kawai wani babba ya buga waya ya ce ba haka ya faɗa ba. A saurari naɗin tukuna. Idan kuskuren ya tabbata, a sake karanta labarin gaba ɗaya, saboda kuskure ba ya cika zuwa shi kaɗai: adadin da ya karkace a sakin layi na uku yana iya kasancewa a kanu, a ƙasan hoto, da cikin zanen ƙididdiga. Mutum na biyu ya duba bayanin gyaran kafin a sake shi, kada a yi gyaran gangar Auzinawa, a zo ana gyaran gyara. Idan maganar ta taɓa mutuncin wani har tana iya kaiwa kotu, lauyan kafar ya ga lafazin kafin ya fita.

Idan kuskuren mai cutarwa ne kuma tabbatarwa za ta ɗauki sa'o'i, kamar hoton wani da aka liƙa a labarin kisa, a cire hoton nan take, a rubuta a sama cewa ana bincike.

Yaya ake rubuta bayanin gyara, kuma a ina ake saka shi?

Abu uku yake ɗauka: rana, abin da aka faɗa ba daidai ba, da abin da yake daidai. Misali: "Gyara, 14 ga Maris: Da farko labarin ya ce kuɗin kwangilar naira biliyan 40 ne. Daidai shi ne naira miliyan 40. An gyara kanu da sakin layi na biyu." Jimla irin "an yi wa wannan labari kwaskwarima" ba ta gaya wa kowa komai.

Editoci sun rabu a kan maimaita kuskuren a cikin gyara. Wasu suna tsoron sake yaɗa shi. Mafi dacewa shi ne a faɗe shi a taƙaice, don wanda ya karanta na farko ya san abin da zai fitar daga kansa. Banda inda maimaitawar ce cutar, kamar sunan yarinyar da aka ci wa zarafi ko wani ƙazafi mai muni. A nan sai a ce an cire bayanin da bai kamata ya fito ba.

Ƙaramin gyara yana zama a ƙasan labari. Wanda ya taɓa kanu ko zuciyar labarin a sama yake zama, kafin sakin layi na farko, domin yawancin masu karatu a waya ba sa kaiwa ƙarshe. Manyan kafofi suna kuma da shafi guda da suke tara dukan gyare-gyarensu. Jaridar Guardian ta Birtaniya ta naɗa editan masu karatu, wato mai sauraron ƙorafinsu, tun 1997, na farko shi ne Ian Mayes, kuma har yau tana da filin gyara da ƙarin haske.

An gyara labarin, amma tsohon kanun yana nan a Facebook da Google. Me ya jawo?

Labarin intanet ba a wuri ɗaya yake zaune ba. Shafuka da yawa suna amfani da kamfanoni irin Cloudflare da ke ajiye kwafin shafi don ya buɗe da sauri. Idan ba a share wannan kwafin ajiya ba, mai karatu zai ci gaba da ganin tsohon rubutu. Facebook yana ɗaukar kanu da hoto ne a karon farko da aka liƙa adireshin, ya adana. Sai an shiga Sharing Debugger, shafin da Facebook ya tanada don haka, an umarce shi ya sake ɗauka, kuma ko an yi haka, wani lokaci saƙonnin da aka riga aka wallafa ba sa canzawa. A Google ana neman ya sake ziyartar shafin ta Search Console, wurin da ya tanadar wa masu kula da shafuka. Bugu da ƙari, kanun da ke bayyana a sakamakon bincike sau da yawa a wani gurbi daban aka rubuta shi, ba gurbin kanun labari ba, kuma shi aka fi mantawa.

Sai adireshin labarin kansa, wanda yawanci daga kanun farko manhaja ke ƙirƙiro shi. Idan ƙaryar tana cikin adireshin, a canza shi, amma a sa tsohon ya riƙa tura mai karatu zuwa sabon, abin da masu kula da shafi ke kira turawa ta 301. In ba haka ba, duk wanda ya latsa tsohon adireshin a WhatsApp zai faɗa shafin da babu komai, bai ga gyaran ba, kuma kanun ƙaryar yana nan a gabansa.

A kafafen sada zumunta fa, gogewa ake yi ko bari?

Ƙa'idar ita ce gyara ya bi hanyar da kuskure ya bi. Idan ta saƙon gaggawa na waya ya fita, a tura wani saƙon. Idan ta wasiƙar imel, a saka gyaran a ta gaba. Idan a shirin rediyo da ake ɗorawa a shafi, a sake naɗa wurin, a faɗi haka a rubutun da ke ƙasa.

A X da Facebook, barin saƙon kuskure yana nufin za a ci gaba da yaɗa shi, gogewa a yi shiru kuma ɓoyewa ce. Abin da ya fi shi ne a goge, sannan a wallafa sabo da ke cewa an goge na farko saboda kaza. Wasu suna haɗawa da hoton tsohon saƙon, amma a zana masa babban tambarin "kuskure" a tsakiya, kada a yanke hoton a sake yawo da shi. X yana ba masu biyan kuɗi damar gyara saƙo cikin awa ɗaya kacal. A hirar WhatsApp minti 15 ne, gogewa ga kowa kuma kusan kwana biyu, sai dai abin da aka riga aka tura gaba ya fita daga hannu. YouTube ba ya barin a musanya bidiyo a adireshi ɗaya, amma ana iya datse wurin, ko a rubuta gyara a bayanin bidiyon tare da mintin da kuskuren yake.

Magana zarar bunu ce, kuma a nan an auna hakan. Binciken da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka buga a mujallar Science a 2018, kan labarai kusan 126,000 a Twitter (X a yanzu), ya nuna gaskiya tana ɗaukar kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Saboda haka gyara ɗaya da tsakar dare bai isa ba. A maimaita shi a lokacin da mutane suke kan waya.

Waɗanne kurakurai ne suka fi damun kafofin Hausa?

Na fassara, domin kaso mai yawa na labaran Hausa daga Turanci ko Faransanci ake juyo su. Na gaba-gaba shi ne miliyan, biliyan da tiriliyan, musamman a labarin kasafin kuɗi. Mai fassara daga Faransanci yana da ƙarin tarko: abin da Turancin Ingilishi ke kira biliyan, Faransanci miliyar yake cewa, kalmar biliyan kuma a wurinsu tiriliyan take nufi. Sai kuɗin kansa: sefa, naira, dala, wani lokaci a bar adadin a canza sunan kuɗin.

Akwai kuma Nijar da Neja. A Turanci rubutunsu ɗaya ne, kuma mai gaggawa yana iya ɗauke hari daga Shiroro ya kai shi wata ƙasa. Kalmar Turanci "casualties" da ke haɗa matattu da masu rauni a adadi ɗaya ita ma tana zama "mutum 30 sun mutu" a Hausa, alhali wataƙila biyar ne suka rasu.

Mafi haɗari su ne na kotu da 'yan sanda. Gayyata daban, kamu daban. Tsarewa a gidan gyaran hali kafin shari'a ba ɗauri ba ne. Gurfanarwa ba samu da laifi ba ce. Kalmar "zargi" tana yawan faɗuwa a kanu don a rage tsawonsa, sai wanda ake tuhuma ya wayi gari ɓarawo a idon unguwarsu, 'ya'yansa suna jin haka a makaranta. Irin wannan gyaran a sama yake zama, kuma ya cancanci neman afuwa a fili.

Wani gibi kuma: kafa mai sassan harsuna da yawa tana gyara labarin Turanci, na Hausa ya kwana da kuskurensa don babu wanda ya sanar da teburin Hausa. Maganinsa shi ne kowane labarin da aka fassara a rubuta adireshin asalinsa a manhajar wallafa, kuma duk gyara ya bi ta zaure ɗaya da editocin dukan harsuna suke ciki.

Idan kuskuren daga kamfanin dillancin labarai ne ko daga wata kafa da aka ɗauko?

Wanda ya wallafa shi ke da alhaki a gaban masu karatunsa. Kamfanoni irin AP, Reuters da AFP suna aiko wa abokan hulɗarsu sanarwar gyara, idan abin ya yi muni kuma su aiko da umarnin janyewa, wanda ma'aikatan AP ke kira kashe labari. Dole a samu wanda aikinsa ne bibiyar waɗannan sanarwoyi. Masu kwafe labari daga shafin wasu ba tare da yarjejeniya ba, babu sanarwar da ke iso su, shi ya sa kuskure ɗaya yake zama a shafuka ashirin bayan mai shi ya gyara. A bayanin gyara ana iya faɗin inda kuskuren ya samo asali, amma bayan an amsa nasa laifin.

Labarin da ke kan faruwa, adadi yana canzawa kowace awa. Shi ma gyara ne?

Idan an jingina adadin ga mai shi, aka ce 'yan sanda sun ce mutum 7, daga baya suka ce 12, sabuntawa ce, a saka lokaci a kowace shigarwa. Idan kafar ce ta faɗa da bakinta abin da bai faru ba, gyara ne komai gaggawar da ake ciki.

Sanarwar mutuwa ta fi kowanne ciwo. A 1989 kafofi a Najeriya sun sanar da rasuwar Dakta Nnamdi Azikiwe, alhali sai a 1996 ya rasu. A Janairun 2011 gidan rediyon NPR na Amurka ya ce 'yar majalisa Gabrielle Giffords ta mutu bayan an harbe ta, tana raye a asibiti. A Nuwamban 2020 kuma shafin RFI ya saki tarihin rasuwar shahararrun mutane kusan 100 da aka rubuta aka ajiye, ciki har da Sarauniya Elizabeth da Pele, waɗanda a lokacin suna raye, sakamakon matsala wajen ƙaura zuwa sabuwar manhajar wallafa; gidan ya fito ya nemi afuwa. Darasin aiki a nan biyu ne: ba a sanar da mutuwa sai daga iyali, asibiti ko hukuma, kuma labarin da aka rubuta don ajiya a sa masa makulli da zai hana shi fita da latsawa ɗaya.

Ana goge labari gaba ɗaya idan wanda ya shafa ya roƙa?

Da wuya, kuma bai kamata ya zama hukuncin mutum ɗaya ba. Labarin da yake gaskiya ba a goge shi don ya ɓata wa wani rai, balle don an biya. Idan an kama mutum daga baya kotu ta wanke shi, a ƙara hakan a saman tsohon labarin, a kuma rubuta sabo. Inda rai ke cikin haɗari, ko an bayyana yaro, ana iya cire suna ko hoto, ko a hana injin bincike nuna shafin. A Turai, tun hukuncin kotun Tarayyar Turai na Mayun 2014, mutum yana iya neman Google ya cire wani sakamako daga binciken sunansa, amma labarin yana nan a shafin jaridar.

Ko janyewa aka yi, adireshin ya zauna, a maye gurbin rubutun da bayanin dalili. Mujallar Rolling Stone, da ta janye rahotonta na 2014 kan zargin fyaɗe a Jami'ar Virginia a Afrilun 2015, ta wallafa cikakken binciken da makarantar aikin jarida ta Columbia ta yi kan inda ta kauce.

Gyara yana da wa'adi?

Ba shi da shi. A 1920 New York Times ta yi wa masanin kimiyyar roka Robert Goddard ba'a, ta ce roka ba za ta yi aiki a sararin da babu iska ba. Ta buga gyara ranar 17 ga Yulin 1969, kwana ɗaya bayan tashin kumbon Apollo 11. A intanet ma abin ya fi muhimmanci, don tsohon labari yana fitowa a bincike kamar na yau.

An yi kuskure a kaina. Yaya zan nemi gyara?

Rubuta, kada ka tsaya a waya. Aika wa edita ta imel ko fom ɗin ƙorafi da ke shafin, ka saka adireshin labarin, ranar wallafa, jimlar da ke da kuskure yadda take, abin da yake daidai, da hujja: takarda, hoton sanarwa, kwafin hukunci. Ɗauki hoton shafin kafin ka aika, kuma ka adana shi a Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke riƙe kwafi da ranarsa. Da shi ne za ka nuna idan an canza a ɓoye. Ka bambanta "wannan ba gaskiya ba ne" da "ban ji daɗin yadda aka rubuta ba". Na farko gyara yake nema, na biyu damar mayar da martani. Wasiƙa mai abu ɗaya tabbatacce ta fi saurin samun amsa a kan mai shafi uku na zagi.

Idan sun ƙi fa?

A Najeriya, kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya wajabta gyara cikin gaggawa da ba da damar martani. A Afrilun 2023 ƙungiyoyin masu jaridu, editoci da 'yan jarida suka ƙaddamar da hukumar sauraron ƙorafi kan kafofin yaɗa labarai, NMCC, ƙarƙashin Emeka Izeze. A gabanta gwamnatin tarayya ta kai ƙarar Daily Trust kan rahotonta na Yulin 2024 game da yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai. Hukumar ta yanke cewa rahoton bai yi daidai ba, jaridar ta karɓi hukuncin ta buga neman afuwa.

A Ghana kundin tsarin mulki na 1992, sashe na 162, ya tilasta wa kafa buga martanin wanda ta yi magana a kansa, kuma ana kai ƙorafi Hukumar Kafofin Yaɗa Labarai ta Ƙasa. A Faransa dokar 2004 ta ba mutum wata uku ya nemi martani a shafin intanet, kafar kuma kwana uku ta wallafa. A Birtaniya, hukumar sa ido kan jaridu ta IPSO da aka kafa a 2014 tana iya fayyace wa jarida inda za ta saka gyaran da girmansa. Kotu tana nan don ƙarar ɓata suna, sai dai tana cin lokaci da kuɗi, shi ya sa lauyoyi kan fara da wasiƙar neman janyewa.

Labarin da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ko ta fassara, wa ke ɗaukar kuskurensa?

Kafar da ta wallafa. A farkon 2023 shafin labaran fasaha na CNET ya sake duba maƙaloli 77 da aka rubuta da irin wannan manhaja, ya saka gyara a 41 daga cikinsu. A Hausa sai an ƙara sa ido, domin fassarar na'ura tana rikita jinsi, ta mayar da ta zuwa ya, ta fassara sunan mutum ko na gari kamar kalma, ta kuma tsallake "ba" ta biyu a jimlar korewa. Editan da zai saki irin wannan rubutu ya ajiye asalin a gefe, ya bi sunaye, lambobi da maganganun da aka ɗauko daga baki ɗaya bayan ɗaya. Idan kuskure ya kuɓuce, bayanin gyaran ya faɗi cewa an yi amfani da na'ura, a kuma rubuta shi a rajistar kurakuran ɗakin labarai tare da rana, nau'insa da matakin da ya tsallake, don a duba rajistar a taron editoci na ƙarshen wata.